Turmin Malam Ila

Duk wanda ya yi makarantarmu ta kwana a wancan zamani, in aka ce masa Malam Ila, kafin ya tuno fuskarsa sai ya tuno turmi. Kowace safiya sai ka ji tsohon babur ɗin nan nasa tun daga bakin titi, yana tari yana shaƙewa, sannan ka hango shi tafe, hula a karkace, ya ɗaure turmi a baya da roba, taɓare biyu sun leƙo ta saman kafaɗarsa. Sauran malamai da bulala suke shiga aji, shi da taɓarya yake shiga. Ya jingine ta a jikin allo, ya koyar da darasinsa na aikin gona, in ya gama sai ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen rago a kasuwa. Can sai ya nuna mutum da leɓe.

"Kai. Bayan la'asar, gindin ɗorawa. Ɗauki taɓarya."

Shi ke nan, an yanke maka hukunci, babu ɗaukaka ƙara. Za ka je ku yi daka kai da shi, namiji da kai, a makarantar da babu mace ko ɗaya sai masu dafa abinci. Firinsifal ya sha ce masa ya ajiye turmin a sito ya huta da dakonsa kullum, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan turmin ba ya kwana a waje." Aka gaji aka ƙyale shi.

Ku 'yan makarantarmu, yanzu da Allah ya yi masa rasuwa, kun ce ni zan rubuta wani abu a kansa, tunda na fi kowa daɗewa a gindin ɗorawar nan. Gaskiya ne, mako biyu cur na yi, kuma har gobe wasunku Sagir Mai Surfe suke kirana, Allah ya isa ban yafe ba. Kuna zaton ƙwaya aka kama ni da ita. Ba ita ba ce. A lokacin takardar korata tana kan teburin firinsifal, kuma ba makaranta kaɗai nake shirin bari ba. Zan zo kan wannan. Amma bari in fara da Bala Janar. Bala, na san kana karantawa, ka yi haƙuri, gaskiya ce za a faɗa.

Ga waɗanda suka zo bayanmu, Bala shi ne firifet mai kula da aikin share-share, ƙato ne na gaske, in ya tsaya a ƙofar ɗakin kwana haske ba ya shigowa. Dukan yara kuwa kamar an ba shi kwangila. Wata rana ya tarar da wani ɗan aji ɗaya a bayan famfo yana kukan kewar gida, sai ya wanka masa mari ya ce, "Mace ce kai?" Ashe Malam Ila na tsugune a bayan famfon yana duba shukarsa ta alayyafo. Ya miƙe ya karkaɗe hannu.

"Bala. Bayan la'asar."

Ranar ko ƙwallo ba a buga ba, makaranta kaf ta tattaru a gindin ɗorawa. Bala ya zo ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya sha toka.

"Malam, a yi min bulala ashirin. A ba ni noman fili guda. Amma ni namiji ne, ba na aikin mata."

"Madalla," in ji Malam. "Aikin mata ai sauƙi gare shi, ko ba haka ba?"

"Sosai ma."

"To ai shi ke nan, yau ka huta. A kira min Inna Hajo."

Kun tuna Inna Hajo, tsohuwar Bafulatanar nan mai fura da nono a bakin ƙofar makaranta, wadda in iska ta taso sai ka ji tsoron kada ta tafi da ita. Ta zo tana taunar goro, ta dubi Bala sama da ƙasa ta ce, "Wannan ɗan bijimin ne zai yi daka da ni?" Malam ya zuba gero a turmi, ya yayyafa ruwa, ya ba kowa taɓarya. Sharaɗi ɗaya ne, wanda ya fara ajiyewa shi aka ci.

Jama'a, na ga abin mamaki! Bala ya fara da ƙarfi kamar zai huda turmin ya ɓullo ta ƙasa. Inna kuwa ko a jikinta, ta gyara ɗaurin zane, ta saki lugude. Ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu, ta cafe ta, ta sauke daidai inda ya kamata, goro bai bar bakinta ba. Kafin wani lokaci Bala ya jiƙe sharkaf, hannu ya fara rawa, ya saɓa bugu ya daki gefen turmi, gero ya watse.

"Kai, ka zubar min da tsaba, ɗan nema!" in ji Inna. "Uwarka ba ta koya maka komai ba?"

Daga ƙarshe Janar guda ya saki taɓarya ya zauna a ƙasa daɓas, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Inna ta ƙarasa surfen ita kaɗai, ta sheƙe dusa, ta ɗauki ƙwaryar nononta ta yi gaba. Malam ya durƙusa kusa da shi, ya yi magana a hankali amma yadda kowa zai ji.

"Bala, ka ce aikin mata ne, ga shi kuma ya fi ƙarfinka. To yanzu kai a wane layi za mu sa ka?"

Muka kwashe da dariya har da masu faɗuwa. Sai Malam ya juyo ya ce, "Duk wanda ya ƙara dariya shi ne na gobe." Wuri ya yi tsit, muka watse. Daga nesa muka hango shi yana shafa wa Bala man kaɗanya a hannu. Wannan ne kaɗai dakan da aka taɓa yi a gaban jama'a, sauran duk daga kai sai shi. Bala ya yi mako guda yana zuwa. Ba mu san me suke faɗa ba, amma daga nan ba mu ƙara ganin ya ɗaga wa yaro hannu ba.

To, labari ya kai Kwanar Dangora, inda mahaifin Bala yake da manyan motocin ɗaukar kaya. Wannan ɓangaren Bala ne ya ba ni da bakinsa, domin a gabansa aka yi. Alhaji ya iso da yamma a fusace, babbar riga na jan ƙasa, bai bi ta ofis ba, kai tsaye gindin ɗorawa.

"Kai ne malamin da ke mai da 'ya'yan mutane mata? Na kawo yaro ya yi karatu ya zama soja, ka miƙa masa taɓarya! A gidana namiji ko ƙofar kicin ba ya bi!"

Malam Ila ya cire hula ya mayar. "Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya? Ya iyali? Ya motoci? Ya direbobi? Ya muka ji da ruwan bana?"

Sai da ya tilasta wa bawan Allah amsa gaisuwa bakwai, sannan ya ce, "Alhaji, ƙorafinka yana kan hanya, kuma zan saurare ka har ƙarshe. Sai dai geron nan na riga na jiƙa shi, in ya sha iska ya lalace. Kuma ni kunnena haka Allah ya yi shi, ba na jin magana sai ana daka. Riƙe min wannan."

Alhaji yana cikin faɗa bai san ya karɓa ba. Da ya zo kan maganar da ta fi ɓata masa rai, sai ya maka taɓaryar a turmi don a san da gaske yake. "Na ce ba na so!" Dum! Malam ya amsa da tasa. Dum! "Kuma zan kai ƙara!" Dum! Dum! Kafin ka ce me, lugude ya kankama, Alhaji ya naɗe hannun riga ya saɓa a kafaɗa. Daga faɗa da Malam ya koma faɗa da Bala, wai yaron nan in ya zo hutu ba ya zama inda yake, ba ya yi masa magana sai gaisuwa. Daga nan ya gangara kan direbobi. Daga direbobi, ba a san yadda aka yi ba, sai ga shi a kan mahaifinsa, wanda har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "kai", kuma bai taɓa ce masa sannu ba duk wahalar da ya sha a kan titi. Sai ga hawaye sharɓe-sharɓe a kan gemu.

Alhaji ya yi sauri ya goge da hannun riga. "Ƙaiƙayi ne ya faɗa min a ido."

"Surfe na biyu ne wannan, Alhaji, babu sauran ƙaiƙayi," in ji Malam. "Amma ci gaba, bai yi ba tukuna."

Bala ya ce ya tsaya kamar an dasa shi, domin a rayuwarsa bai taɓa sanin babansa yana da hawaye ba. Sai Malam ya miƙa masa tasa taɓaryar ya ce bari ya je ya duba babur, yana jin kamar mai yana zuba. Ƙarya yake, babur ɗin nan bai taɓa samun man da zai zuba ba. Uba da ɗa suka ƙarasa dakan su biyu.

Tun daga ranar Alhaji ya tsiro da zuwa duba karatun yaro, kuma ko da yaushe bayan la'asar yake isowa. Rannan don jin daɗi ya ce zai saya wa makaranta injin niƙa, kowa ya huta. Wallahi saura kaɗan Malam ya kore shi.

"Inji? Injin zai saurare ka? In kana magana a gabansa ko kai ba ka jin kanka! Kuma wa zai riƙa zuba masa mai?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta kawo mu kan abin da muka daɗe muna zargi. Ku faɗi gaskiya, akwai wanda ya fi Malam Ila maƙo a cikin malamanmu? Mutumin da in alli ya ƙare yake tara garinsa a gwangwani! Mun lura da wani abu. Da rani, a mako bai fi ya ga damuwa a fuskar mutum ɗaya ko biyu ba. Amma da zarar kaka ta yi, an kawo masa geronsa daga gonarsa ta Doguwa, sai aji guda ya kamu da baƙin ciki. Kowa ya kalla sai ya girgiza kai ya ce fuskarsa ba ta yi masa ba. Har Auwalu Dariya, ɗan garin Kirun nan da ko a sahun salla sai an zungure shi ya daina murmushi, sai da aka nuna shi da leɓe.

"Malam, wallahi ni lafiyata ƙalau! Farin ciki ma nake yi!"

"Irinku kun fi ba ni tsoro. Ɗauki taɓarya."

Auwalu har yau yana rantsuwa cewa babu abin da ke damunsa ranar sai taɓaryar. Bayan shekaru, da na girma muka zama abokan hira, na kai masa ziyara na tambaye shi, "Malam, tsakani da Allah, magani kake yi mana ko surfe muke yi maka?"

Ko kunya bai ji ba. "Duka biyun mana. Da iska kake so ku daka?"

To, ga nawa labarin.

Ni ɗan bakin dam ne. Kakannina na cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan Tiga ya cinye garinsu, shi ya sa babana ya tashi masunci. Yakan ce har yanzu a gonar ubansa yake aiki, sai dai da ana cire dawa, yanzu kifi ake cirewa. A hutun damina, ina shirin shiga aji biyar, iska ta kife kwalekwalensa. Sai bayan kwana biyu aka same shi. Ni ne babba a gidanmu, shekarata goma sha shida. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai namiji ne, kai ne uban gidan yanzu, kada ƙannenka su ga hawayenka." Na bi maganar manya, ban yi kuka ba ko ɗigo ɗaya.

Da aka koma makaranta kun ga yadda na zama. Abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa, idona kullum ja. Na daina wanki, na daina magana, jarrabawa in miƙa takarda fara. Wasu suka ce aljanun ruwa ne suka biyo ni, malamin horo ya ce ƙwaya ce. Aka zazzage akwatina ba a ga komai ba, sai aka ce na iya ɓoyo. Babu wanda ya tambaye ni me ya faru a gida, ni ma ban faɗa ba. Firinsifal ya rubuta takardar kora. Ni kuwa ban damu ba, domin na riga na yanke a raina cewa in na koma gida, ruwan da ya ɗauki Baba ni ma shi zan bi. Yau ne na fara faɗin wannan a gaban jama'a.

Ina durƙushe a ofis sai ga Malam Ila ya shigo, ba wanda ya kira shi, taɓarya a hannu.

"Ranka ya daɗe, a ba ni aron yaron nan mako biyu."

"Malam Ila, wannan ya wuce turmi."

"In ya wuce, ni zan kai shi gida da kaina a babur."

"A ina za ka ɗora shi? Turmi ya cinye wurin."

"A cikinsa zai zauna."

Firinsifal bai so yin dariya ba, amma ta ƙwace masa. Ya tura takardar cikin aljihun tebur ya ce mako biyu, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba.

Ranar farko doka ɗaya Malam ya ba ni. "Ba a kallon fuskar abokin daka. Bakin turmi ake kallo, in ba haka ba ka fasa wa mutum haɓa." Sai daga baya na gane dabarar. A gindin ɗorawar nan babu mai kallon fuskarka, ko me ta yi ita ta sani. Kwana da kwanaki bai tambaye ni komai ba. Shi dai surutunsa yake, yau tsutsar masara, gobe fulogin babur. Hannuna ya yi bororo ya fashe, kafaɗa ta yi tsami, amma gajiyar ta sa na fara samun barci. In mun gama ya dunƙulo gumba daga turmi ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba, ni kuma in cinye saboda yunwar daka ba ta jin rarrashi.

A rana ta tara muna tsakiyar lugude sai ya ce, "Ka san turmin wa ne wannan? Na uwata ne. Ina ɗan shekara goma sha biyu ta kwanta ciwo, can ƙauyenmu gefen dajin Falgore. Ba ni da 'yar'uwa mace, ni nake daka, in rufe ƙofar gida kada abokaina su gani. Rannan suka leƙo ta katanga suka gan ni, suka yi ta yi min waƙa a gari. Washegari na ce ba zan ƙara taɓa taɓarya ba. Ta lallaɓa ta tashi da ciwonta ta daka mana abin da za mu ci. Makon bai ƙare ba ta rasu. Shekara ashirin na yi ina ganin ni na kashe ta."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Wa ka gaya wa, Malam?"

"Babu. An ce min ni namiji ne."

Muka ƙara bugu uku ko huɗu. Sai na ji kaina ina cewa, "Malam, ranar ni ya kamata in bi Baba in riƙa kwarfe masa ruwa. Na ce masa kaina ke ciwo. Ƙarya nake, kallon ƙwallo na tafi."

Taɓarya ta suɓuce daga hannuna. Kukan da na riƙe wata biyu ya zo gaba ɗaya, da ƙara, irin wanda ba shi da kyan ji. Kun san abin da mutumin nan ya yi? Bai dube ni ba, bai ce in yi haƙuri ba. Ya ƙara wa dakansa ƙarfi, shi kaɗai, dum, dum, dum, don ku da kuke wucewa zuwa filin ƙwallo kada ku ji komai sai turmi. Sai da na yi mai isata sannan ya sassauta.

"Sagir, iskar da ta kife kwalekwale, da kana ciki gawa biyu za a kai wa uwarka. Ƙaryar ciwon kai laifi ce, ka roƙi Allah gafara. Amma laifin yaro mai son ƙwallo ne, ba ka kashe kowa ba. Kwanan babanka ne ya ƙare. Akwai sauran abin da ba ka faɗa ba?"

Na gaya masa niyyata ta bin Baba cikin ruwa. Nan ne ya ajiye taɓarya, kuma shi ne karo ɗaya tak da na ga ya bar gero bai kai ba. Ya juyo ya dube ni sosai, ya karya dokarsa da kansa. Ya sa aka kwana ana lura da ni, da safe kuma ya kwance turmi daga bayan babur, ya rungume shi har ofishin firinsifal ya dire a kan kafet.

"Ranka ya daɗe, maganarka ta fito, wannan ya wuce turmi. Zan kai shi wurin likita. Ga amana nan, kada kowa ya zauna a kai."

Ya goya ni har asibiti a Tudun Wada, muka ga likita, aka daɗe ana magana da ni, aka sa mana ranar dawowa. Daga can ya wuce da ni gidanmu, ya zauna a zaure ya ce in shiga in gaya wa Inna abin da na gaya masa. Na shiga na faɗa mata ina kallon ƙasa. Sai ta ce, "Ai na san ƙarya kake ranar, na gan ka ka zagaya ta bayan gida. Tun da abin nan ya faru, babu sallar da ban gode wa Allah da ka yi ƙaryar nan ba. Ni da na ga ba ka yi kuka ba, na ɗauka ni kake jin haushi." Muka haɗu muka yi kukanmu har da ƙannena, kuma gidan bai rushe ba don sun ga hawayen babban wa. Dare ya yi mana a can, turmi ya kwana a ofis.

Ban warke a rana ɗaya ba, sai da na yi ta komawa wurin likitan nan, Malam na kai ni. Amma na ci gaba da karatu. Takardar korar kuwa, Malam ya je ya roƙo ta. Na ɗauka yaga ta zai yi a gabana don in ji daɗi. Ina! Ya juya ta ya ce, "Bayanta fari ne tas, asara ce a yar." A kanta ya rubuta mana tambayoyin gwajin aikin gona, kuma na faɗi gwajin.

Waɗanda ba su samu zuwa Doguwa sadakar uku ba, ga abin da kuka rasa. Mun haɗu mu wajen ashirin a ƙofar gidansa. Ga Bala, ya zama sojan da gaske, ga Auwalu yana ta ƙoƙarin haɗe fuska abin ya gagara, ga Alhaji ya tsufa yana dogara sanda, ya ce ko a kan katifa ne sai an kawo shi. Muka ji mata a cikin gida suna shirin dakan gumbar sadaka. Muka dubi juna. Bala ya aika ciki a ce muna roƙon a fito mana da turmi. Gida ya ɗauki salati. Maza da daka, a gidan makoki, a bakin titi? Sai ga muryar matarsa, Iya Asabe, daga bayan labulen zaure.

"Ku ba su, nasu ne. Ni shekara talatin rabona da taɓarya, na ma manta yadda ake riƙe ta. Tuwon hannun yaran nan muka ci a gidan nan. In gari ya zo da ɗan danshi sai ya ce min, 'Asabe, yau rage gishiri a miya, yaran sun sa nasu.'"

Muka fashe da dariya a wurin da bai kamata ba, dattawan unguwa suna harararmu. Aka fito da turmi. Manyan mutane da furfura suka naɗe riguna suka shiga layi, biyu-biyu, kowa idonsa a bakin turmi, babu mai kallon fuskar wani. Bala ya ce zai gwada na Inna Hajo, ya cilla taɓarya sama ya tafa, ta dawo ta tafi da hularsa. Da aka zo kan Alhaji, aka riƙe masa sanda, ya yi bugu biyu ya tsaya yana goge ido.

"Ƙaiƙayi ne," in ji shi.

Bala ya dafa shi ya ce, "Baba, surfaffe ne." Shi ma nasa idon ya cika.

Da za mu tafi Iya ta sa aka kira ni zaure. Ta ce Malam ya bar wasiyya, a ba da turmin ga yaron da ya sa shi ya kwana a waje. Yana gidana yanzu. Ɗana na fari ya shiga shekara goma sha biyar, kuma kwanan nan duk abin da na tambaye shi sai ya ce ba komai, ya shige ɗaki. Jiya bayan la'asar na jiƙa gero, na kira shi. Ya dubi taɓarya ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ai aikin mata ne." Na ce masa to ai ya huta, sauƙi gare shi. Ya karɓa muka daka. Bai gaya min abin da ke damunsa ba tukuna, amma jiya rana ta farko ce, kuma ina da gero buhu guda.

Allah ya jiƙan Malam Ila. Yadda ya rufa mana asiri da ƙarar turminsa, Allah ka rufa masa asiri ranar da babu mai rufawa sai kai. Ka yafe masa geron da ya sa muka surfa masa, mu dai mun yafe. Ka haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljanna, ta gaya masa da bakinta cewa ba ta taɓa riƙe shi a rai ba. Amin.